Sharar shagona ta fi ƙarfina, ya kuke yi da taku a garin nan?

Maman_Walida_Agege: Assalamu alaikum jama'a. Don Allah shawara nake nema. Ina sayar da tuwo da shinkafa a nan Agege, kusa da layin dogo, shekara shida ke nan. Abin da ya dame ni shara ce. Kafin azahar duro ɗaya ya cika, kafin isha'i na biyun ma ya cika: ledar fiya wata, robar lemo, ɓawon albasa da na doya, ƙanzo, ragowar miya, kwalayen taliya. Motar da ke kwasar sharar layinmu da can duk mako take zuwa, yanzu sai mu yi kwana goma sha ba mu ga ƙeyarta ba, amma takardar kuɗi ba ta taɓa makara. Jiya mai gidan da nake haya ya ce in ban san yadda zan yi ba in nemi wani wuri, wai ƙudaje sun hana matarsa shanya. Ni kuma ba zan iya zubawa a kwata ba, kunya nake ji, ga tsoron kamu. Ku da kuka daɗe a garin nan, ya kuke yi? Akwai yadda mutum zai rage ta tun daga tushe, ko ma ya samu ɗan na cefane a ciki?

Sani_JariBola: Wa alaikumus salam Hajiya. Kin zo gidan sauƙi, sana'ata ce. Da buhu a kafaɗa na fara a Ojota, yanzu ina da ɗan fili da sikeli a wajen Ketu. Abin da kika lissafa rabinsa ba shara ba ne, kaya ne. Haɗawar ce ke mayar da shi shara. Da zarar miya ta zuba a kan kwali ya mutu, ba mai saye. Roba in ta sha manja sai an rage miki kuɗi, don mai wankewa zai sha wahala. Ki samu buhu uku ki rataye a ƙusa nesa da murhu: ɗaya robar lemo da ta ruwa, ɗaya ledar fiya wata, ɗaya gwangwanin lemo da na maltina. Kwali kuma ki ɓare shi ki shimfiɗa, ki ɗaure da igiya inda ruwa ba ya taɓawa. Robar ki cire murfin ki taka ta ta lotse, murfin ki tara daban, don ba irin roba ɗaya ba ce da gorar. Sai dai kar in yaudare ki, roba ba ta da nauyi. Buhu zai cika fal, ki ɗora a sikeli ki yi dariya. Gwangwanin alminiyam shi ne mai ɗan auki. Ribarki ta gaskiya ita ce duron nan biyu ya koma ɗaya.

Ummu_Haidar: Hajiya ɓawon doya da ƙanzo kike zubarwa a Agege? Ga masu kiwon tumaki ko'ina? Ki shanya a kan kwanon rufi ki ga yadda za a riƙa zuwa nema. Maƙwabciyata da sallar layya har ƙafar rago ake aiko mata saboda ɓawon nan.

Maman_Walida_Agege: @Ummu_Haidar shanya a daminar Legas? Rannan na gwada, kwana biyu ya yi fumfuna.

Ummu_Haidar: To kar ki shanya, ki ba da shi ɗanye a ranar. Ki samu yaro ɗaya mai zuwa da bokiti bayan la'asar. Amma ɓawon rogo kam sai ya bushe, ɗanyensa yana bugar da dabba.

Ɗan_Sakkwato_Obalende: Ni dai abin da ka ba ni mamaki, can gida ba mu san wannan lalura ba. Sharar gida a kai bayan gari, in rani ya yi manoma su zo da jakuna su kwashe su kai gona. A Kano ma har saye ake yi. Nan kuwa kai za ka biya a ɗauke ma. Duniya juyi-juyi.

Malam_Habu_Idiaraba: Ɗan Sakkwato, sharar da kake magana ta wancan zamanin ce: toka, kashin awaki, ganye, ɓawon gyaɗa, duk abin da ƙasa za ta cinye. Je ka duba bolar Kano ta yau, rabinta leda ce, manomi sai ya tsince kafin ya zuba. Ba garin ne ya canza ba, kayan da muke saye ne. Lokacin da na zo Ikko, in za ka sayi tuwo da kwanonka kake zuwa, mai alale a ganye take naɗewa, kwalbar lemo kuma sai ka ajiye kuɗin jingina, in ka mayar a ba ka abinka. Ba wanda ya kira wannan da wani suna, rayuwa ce kawai. Yanzu yaro zai sayi magi biyu a sa masa a leda, ledar a sa ta a wata ledar.

Injiniya_Bash: Bari in sa baki da ɗan abin da na sani. Hukumar LAWMA mai kula da sharar jihar nan kan ce Legas na fitar da shara kimanin tan 13,000 a kullum, kuma kaso mafi tsoka a ciki ragowar abinci ne da kayan da ke ruɓewa. Shi ne mai nauyi, shi ne mai wari, shi ke tara ƙuda. Don haka Hajiya, shawarar Sani za ta rage miki cika, amma shawarar Ummu Haidar ce za ta raba ki da rigimar mai gida. Wanda bai taɓa ganin inda sharar nan take ƙarewa ba, in ya shigo gari ta Ojota ya waiga wajen Olusosun. Tsauni ne guda, tun farkon shekarun 1990 ake jibgewa, lokacin wurin bayan gari ne, yanzu gari ya zagaye shi. A watan Maris na 2018 ya kama da wuta, hayaƙi ya yi kwanaki yana turnuƙe unguwannin wajen. Iskar gas ɗin da ruɓaɓɓen abinci ke fitarwa a ƙarƙashin tulin ita ke rura irin wannan wutar.

Sani_JariBola: Ina wurin lokacin gobarar nan Injiniya. Kayan da na tara na wata biyu suka tafi. Allah dai ya kiyaye gaba.

Hajjo_Fashion: Ni fa ku yi haƙuri, Malam Sani ba da kai nake ba, amma ba zan ƙara barin ɗan jari bola ya shigo mana gida ba. Bara wani ya shigo wai sayen tsohon ƙarfe, washegari muka nemi murfin janareto da tukunyar gas ƙarama muka rasa. A layinmu har murfin kwalbati an ɗauke, wata yarinya ta faɗa ta karye. Yanzu an rubuta a bakin get, ba a son ganinsu.

Sani_JariBola: Anti ban ji haushi ba, don abin da kika faɗa yana faruwa. Wake ɗaya shi ke ɓata gari. Amma ki tambayi kanki, wa yake sayen murfin kwalbatin? Yaron ba cinye shi zai yi ba, dila ne ya karɓa ya san na sata ne. Ni a filina duk wanda ya kawo wayar wuta sabuwa ko murfin titi, korar shi nake yi, don ranar da 'yan sanda za su zo ni za su tafi da shi. Sannan ki tuna yaran nan su ke tsince robar da ke toshe muku kwata, ba wanda ke biyansu albashi. Suna yawo ba safar hannu, kwalba ta yanke su, allurar asibiti ta soke su, a kira su ɓarayi a kan hanya. Shawarata ga kowa: kar ki kira na kan hanya. Ki san mutum ɗaya, ki san dilansa da inda yake ajiye kaya, ki miƙo masa a bakin ƙofa.

Abu_Okada_Ritaya: Hajjo murfin janareton nan kin tabbata ba yaran gida ba ne suka kai wa Sani? 😂

Hajjo_Fashion: Abu ka kiyaye ni.

Alhaji_Gwari_Mile12: Salamu alaikum. Na ga ana maganar shara, mu ne sarakanta. Motar tumatir za ta taso daga Kano ko Zariya, kwana biyu ko uku a hanya, kwando a kan kwando. Kafin ta iso na ƙasa ya matse, ruwa na zuba ta gindin mota. Wanda ya ɗan fashe akwai masu sayensa da araha, Yarabawa na ce masa esha. Wanda ya wuce nan kuwa sai bola, haɗe da ciyawar da aka rufe shi da ita da karyayyen kwandon. A watan Oktoba na 2023 gwamnati ta rufe kasuwarmu da ta Owode Onirin saboda ƙazanta, kwanaki kaɗan ne amma kayan gwari ba ya jiran kowa, mutane sun tafka asara. Tun daga nan ba na wasa da sharar ranar Alhamis, ba na buɗe rumfa sai goma ta yi an gama. Abin da na ga ya rage mini asara shi ne kiret ɗin roba. Ana jera shi ba ya danne na ƙasa, a wanke a sake lodi. Matsalarsa sai an mayar da shi Arewa, kuɗin mota biyu ke nan, shi ya sa da yawa suka ƙi barin kwando. Hajiya mai tuwo, ki rage sayen abin da ya fi ƙarfin kwana biyu in ba ki da firij mai wuta, arahar da za ta ruɓe a hannunki ba araha ba ce.

Maman_Walida_Agege: Alhaji wannan gaskiya ne, sau da yawa kwaɗayin araha ke sa in ɗauko babban kwando. To ni wani abin ma da ya rikita ni shi ne dokar nan ta tekawe, wato mazubin da ake sa wa mai saye abinci ya tafi da shi. Wai me aka hana, me aka bari? Kowa da abin da yake faɗa.

Injiniya_Bash: A watan Janairu na 2024 kwamishinan muhalli Tokunbo Wahab ya sanar da hana farin mazubin nan mai kamar soso. Daga 1 ga Yuli 2025 kuma aka fara aiwatar da hani a kan sauran robobin amfani sau ɗaya: tsinken shan lemo, kofi da cokalin roba na yarwa, da leda marar kauri, wadda kaurinta bai kai maikiron 40 ba (ma'aunin kaurin leda ke nan). Ledar fiya wata da gorar ruwa da ta lemo ba sa ciki. Dalilin da ya sa aka fara da sosan nan, ba ya ruɓewa, ba shi da nauyin da mai jari bola zai wahala a kansa, ga shi yana yawo a kan ruwa ya je ya cushe magudana.

Sani_JariBola: Ƙwarai. Ko kyauta ka ba ni ba na karɓa.

Larai_MaiWaina: Ni dokar nan da farko na yi ta tsine-tsine, don roba mai murfi ta fi sosan tsada nesa ba kusa ba. Sai na ce wa masu saye, duk wanda ya zo da kwanonsa ko kula zan ƙara masa waina ɗaya. Wallahi cikin wata guda masu gadi da 'yan kasuwar da ke kusa duk suka koma zuwa da kwano. Wainar da nake ƙarawa ba ta kai kuɗin robar ba. Wanda ya zo hannu rabbana kuma ya biya kuɗin roba daban. Wasu sun yi fushi sun tafi, sun dawo. Maman Walida ki gwada da ƙarin nama ɗan yanka ɗaya ko miya. Ruwa kuma ki ajiye babbar randa ko jarka mai famfo da kofunan silba ga masu ci a nan, ki daina ba da fiya wata kyauta.

Abu_Okada_Ritaya: Anti Larai a Legas wa zai sha ruwan randar wani? Mutane tsoron taifot suke.

Larai_MaiWaina: To fiya watan ka san inda aka ɗura shi? Ni babbar gorar nan ta dispensa nake saye, a gabansu nake fasa murfin.

Nas_Rukayya: Tunda an zo maganar lafiya bari in faɗi wadda ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya. Robobin da ake tsintowa a zuba zoɓo da kunun aya. Ban ce kar a sake amfani da roba ba, amma wadda kika san daga ina ta fito. A asibiti ina gani da idona, majinyaci ya tofa kaki a gora, wani ya yi fitsari a ciki don ba ya iya tashi, a jefa a kwandon shara. Gobe wannan gorar tana iya dawowa da kunu a ciki. Ɗauraya da ruwa ɗaya a baho ba wanki ba ne. In za ki yi, ki karɓa daga gidajen da kika sani ko wurin biki, ki wanke da sabulu da burushi har cikin murfin, kuma kar ki zuba abu mai zafi, robar tana motsewa. Sannan don Allah masu ƙona shara a bayan gida da daddare ku ji tsoron Allah, yaran da ake kawo mana da asma ba kaɗan ba ne. Masu hura gawayi da leda ma haka.

Sani_JariBola: Nas ta faɗi gaskiya. Shi ya sa na ce a lotsa gora. Wadda aka lotsa ba ta komawa wurin mai kunu, sai inji. Can za a niƙa ta ƙanana, a wanke, a yi zaren da ake cusa wa filo da katifa, wata kuma a fita da ita waje. Ledar fiya wata narkar da ita ake yi ta koma ƙwayoyi kamar shinkafa, a yi baƙar leda da bokiti da silifa.

Garba_Mahauci_OkoOba: Ku zo kwatar mahauta ku ga aikin leda. Ranar Talata muka yanka wata saniya, a ido ƙatuwa, ciki ya fito kamar mai juna biyu, amma ƙashin baya duk a waje. Da na farka tumbin sai ga dunƙule baƙi ƙirin, leda ce da igiyar buhu sun murɗe sun zama kamar ƙwallo, da hannu biyu na ɗaga shi. Dabbar tana ci ba ta ƙoshi, don ba wurin da abincin zai zauna. Mai ita ya yi asara, don nama bai fito ba. Saboda haka mai ba wa dabba ɓawo ta duba kar ledar magi ta bi. Mu dai a sana'armu ba a yar da komai: fata ta zama ganda, jini a dafa a shanya a kai wa masu abincin kaji, ƙashi da ƙaho da kofato duk da masu sayensu. Abin da ya rage mana shi ne kashin tumbi, ga shi taki ne mai kyau amma ba mai ɗauka sai jefi-jefi.

Malam_Habu_Idiaraba: Garba ka ce ba a yar da komai, to ka gaya wa masu babbake ganda da tsohuwar taya su daina. Wannan ba sake amfani ba ne, cutar bayin Allah ce.

Garba_Mahauci_OkoOba: Baba ni da itace nake yi, amma zan isar.

Injiniya_Bash: Maganar Baba Habu ta tuna mini da batir. Ba kowane abin da aka ce ana sake sarrafawa ne alheri ba. Tsohon batirin mota da na inbata akwai dalma a ciki. A Ogijo, can gaba da Ikorodu cikin jihar Ogun, inda ake narkar da su, gwaji ya nuna gubar dalma a jinin mutanen wurin har da yara. Mu 'yan Arewa mun san abin da dalma ta yi a Zamfara a 2010, yara sama da 400 suka rasu. Don haka Sani, ka hana yaranka fasa batir da adda suna zubar da ruwan a ƙasa, haka ma ƙona waya don a ciro jan ƙarfe.

Sani_JariBola: In kunne ya ji jiki ya tsira. Ƙona waya kam ana yi, ba zan ɓoye ba, don feɗewa da wuƙa na cin lokaci kuma jan ƙarfe shi ne mai kuɗin.

Ustaz_Agege: Jama'a, Manzon Allah (SAW) ya ce kawar da abin cutarwa daga hanya sadaka ce. Mu duba bakin masallatanmu bayan Juma'a da bayan buɗa-baki, ledar ruwa kamar an yi ruwanta. A masallacinmu mun ajiye keji na waya, yaran Islamiyya ke tarawa, in ya cika a sayar a sayi alli da man janareto. Ba yawa, amma harabar ta yi fes.

Zee_Unilag: Ustaz irin wannan akwai masu yinsa a tsare. Kamfanin Wecyclers tun 2012 Bilikiss Adebiyi-Abiola ta kafa shi, da kekuna suka fara bin gidaje, suna auna kayan su ba ka maki, ka canza da kayan amfani ko kuɗi. Akwai kuma manhajar Pakam da ake kiran masu ɗauka ta waya. A Ajegunle har makarantar da iyaye ke biyan kuɗin karatu da robobi an yi. Anti Maman Walida ki duba ko suna zuwa wajenku.

Sani_JariBola: Zee wato ki raba ni da kwastoma ina zaune? 😄

Ɗan_Sakkwato_Obalende: Ni hwa ga tambayata. Duk wanga rarrabewa, in mota ta zo ba wuri guda taka haɗe su ba? Mi a amfanin?

Injiniya_Bash: Shi ya sa ba motar za ka ba ba. Abin da ka ware mai saye za ka ba, motar ta ɗauki abin da ba mai so. Amma a kula, masu tura kura suna kwasar shara a kan kuɗi gwamnati ta hana su, don da yawa in dare ya yi a kanal suke juyewa. Mai sayen roba daban, mai kwasar shara daban.

Hajjo_Fashion: To in mota ta yi sati biyu ba ta zo ba, mai kurar kuma an hana, mutum ya ci sharar ne? A faɗi gaskiya mana. Ni ƙyallayen ɗinki ma buhu-buhu nake tarawa, na rasa mai so.

Ummu_Haidar: Hajjo ƙyalle? Masu filo da masu saƙa tabarmar ƙofa na nema, makanikai ma suna sayen na auduga don goge hannu. Ki turo mini hoto ta akwati, akwai wata a gidanmu da ke haɗa su ta yi zanen gado.

Maman_Walida_Agege: Na gode ƙwarai jama'a, Allah ya bar zumunci. Yau da safe na buga ƙusoshi uku na rataye buhuna, har yaran shagon na yi mini dariya wai na buɗe fanteka. Na kuma yi magana da wani mai tumaki a bayan masallaci, ya ce ɗansa zai riƙa zuwa da bokiti. Abin da ban samu amsarsa ba shi ne ruwan wanke-wanke da ragowar miya mai mai, don shi ba ya shiga buhu, tumaki kuma ba sa sha. Sannan Anti Larai, masu cin tuwona 'yan ci-rani ne, rabinsu a shago suke kwana, wa ya ga kwanonsu?

Larai_MaiWaina: Ki sayi samira dozin ɗaya ki rubuta sunanki da fenti a gindi, su tafi da ita su dawo miki da ita. Biyu za su ɓata a wata, ki sa a ranki.

Garba_Mahauci_OkoOba: Ruwan miyar ki tace da rariya tukuna, mai kare zai karɓi abin da ya rage. Man kuma ki bari ya daskare ki kwashe da cokali, shi ne ke toshe kwata.

Sani_JariBola: Hajiya, Agege ta yi mini nisa, amma akwai ɗan garinmu mai sikeli ta wajen Pen Cinema, zan sa ya leƙo ranar Asabar. Ki ce ya auna a gabanki, kuma ki duba allurar sikelin tana kan sifiri kafin ya rataya buhun.